Kafin Ku Kira Dillali, Ku Zauna Ku Biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana da ma'auratan da suka tara ɗan abin da Allah ya hore musu, suna shirin barin gidan haya. Mu masu aikin awon fili da gini da rubuta takardun ciniki ne a Kano. Abin da yake damunmu shi ne, ma'aurata da yawa suna kiran dillali tun ba su zauna su biyu sun tsayar da abin da suke nema ba. Sai a kai su gida mai sabon fenti da tayil mai ƙyalli, ido ya rufe, a ba da kafin alƙalami a ranar. Alhali fenti da tayil da ƙofa duk ana iya sauya su a hankali. Takarda da unguwa da hanyar ruwa da girman fili kuwa, in an saya an saya ke nan. Su ya kamata a sa a gaba.

A fara da takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne, wanda takardar C of O take tabbatarwa, galibi na shekara 99, kuma sayar da gida mai wannan takarda sai da amincewar gwamna. Don haka kafin ko kwabo ya fita, a sa lauya ya bincika a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano: sunan wa ke kan fayil, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba? In mai gida ya nuna kwafi ya ce ta asali tana wurin wani, a dakata har ta fito. Filin awon igiya, wanda ba gwamnati ce ta yanka shi ba, ya fi araha, shi ya sa yawancin masu ƙaramin ƙarfi can suke komawa, kuma ba mu ce kada a saya ba. Amma sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce ta cewa an yi ciniki, ba ta hana rusau in gidan ya hau hanya, ko filin makaranta, ko yana ƙarƙashin babbar wayar wuta. A je hukumar tsara birane ta KNUPDA a tambayi abin da aka tsara wa wurin. In kuma gidan gado ne, kada a yarda da babban wa shi kaɗai. Sai dukkan magada, maza da mata, sun sa hannu, ko a ga takardar rabon gado ta kotu. Ƙanwar da take aure a wani gari tana iya zuwa bayan shekaru ta nemi haƙƙinta, kuma tana da gaskiya.

Magana ta biyu ita ce wadda kunya take hana a yi. A gidaje da yawa uwargida tana sayar da gwal ɗinta, ko ta kawo kwasar adashi, ko rabonta na gadon mahaifi, a haɗa a sayi gida, sannan a rubuta sunan maigida shi kaɗai. Ranar da ta Allah ta kasance, gidan gaba ɗaya ya shiga gado. Mace tana da tumuni in mamacin ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma in akwai kishiyoyi wannan kason suke rabawa. Kuɗinta da ta zuba ya narke, sai dai in tana da shaidu. A Musulunci dukiyar mace tata ce, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Saboda haka a fayyace tun farko: kuɗin nan kyauta ce, rance ne, ko tarayya? In rance ne, a rubuta adadi da lokacin biya. In tarayya ce, sunayen biyu su shiga takardar ciniki, da kason kowa. Maigidan da ya fara cewa, "Hajiya, bari mu rubuta naki," ya kare matarsa, ya kuma raba 'ya'yansa da shari'a da dangi.

A wannan zaman ne kuma za a faɗi wa zai zauna a gidan. In mahaifiyar maigida za ta dawo, tana buƙatar ɗakinta da banɗakinta. In akwai niyyar ƙarin aure, ko da maganar ba ta da daɗin ji, ta shafi girman filin da za a nema. Fili mai ƙafa 50 da 100 yana ɗaukar ɓangare biyu da tsakar gida, mai ƙafa 50 da 50 kuwa da ƙyar.

Sai unguwa. Gidan bayan gari yana da araha ranar saye kawai. A ɗauki biro a lissafa kuɗin adaidaita sahu ko man fetur zuwa wurin aiki da makarantar yara, zuwa da dawowa, sau kwana 22 a wata, sau wata 12. A kuma tambayi kai: in naƙuda ta tashi da tsakar dare, mota tana shiga layin nan?

Kada a sayi gida da kallon rani kaɗai. A koma a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa, a dubi alamar da ruwa ya bari a jikin katangu, a ga ko maƙwabta sun jera buhunan yashi a ƙofa. In tsakar gida ta fi titi ƙasa, ranar da aka cike titin aka zuba kwalta, ruwan layin duka ciki zai gangaro. A tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, domin irin wannan ƙasa tana zama a hankali, ginin ya bi ta. Alamarsa tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa. In fulasta tana ɓarewa daga ƙasan bango, da farin gari kamar gishiri, laima ce take hawa daga harsashi saboda ba a sa abin tare ta ba, kuma sabon fenti yana ɓoye ta na ɗan lokaci ne kawai. A tafi da magini na kanku, ba na mai gida ba, ya kankare bulo da ƙusa, ya leƙa cikin silin ya duba gara da yoyon kwano. Rijiya kuma a duba ta a watan Afrilu. Masana lafiya suna son tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, faɗin fili mai ƙafa 50 kuwa mita 15 ne da ɗoriya, ga kuma masai na maƙwabta. A irin wannan fili, a sa kuɗin ruwan sha cikin lissafin wata.

Wuta ba ta buƙatar dogon bayani: a karɓi lambar mita ko ta asusun gidan, a je ofishin KEDCO a tabbatar babu tsohon bashi, a tambayi maƙwabta halin taransifoma.

Game da kuɗi, shawararmu a ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da ke hannu domin la'adar dillali, lauya, awo, rajista da gyaran farko, kuma a tsayar da la'ada kafin ciniki ya faɗa. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa yana iya neman rance ta bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, a kan ruwa kashi 6, har tsawon shekara 30. Wanda yake gudun ruwa ya je bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin su Jaiz da TAJ, ya nemi a rubuta masa jimlar abin da zai biya daga farko har ƙarshe. Ko ta wace hanya aka bi, biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa, kuma kada a taɓa jarin sana'a. Ranar biya a tura ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, ba na dillali ba, a gaban shaidu, a karɓi takardun asali a wannan zaman.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin awo da gini, Kano