Ƴan kasuwar Maraɗi, ku riƙe makullin sunan shafinku a hannunku

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, don Allah ina roƙon ɗan fili in faɗi wani abu da ya same mu a wurin aiki, don na tabbata ba mu kaɗai ba ne a garin nan.

Ni ne mai riƙe da lissafi da wasiƙu a buron wani Alhaji mai fataucin aya da riɗi da wake nan Maraɗi. Masu saye daga waje yanzu WhatsApp kaɗai ba ya isar su, sai sun ga kana da shafi a intanet da imel mai ɗauke da sunan kamfaninka sannan hankalinsu ya kwanta, shi ya sa muka sa wani yaro ya buɗe mana, ya sayi sunan, wato domen, ya haɗa mana imel ɗin da Google, komai yana tafiya lafiya. Bara bayan girbi, daidai lokacin da aya ke shigowa kasuwa, yaron ya zo ya ce ya samo wani kamfanin ajiyar shafi mai rahusa zai mayar da mu can, Alhaji ya ce to Allah ya sa alheri. Ya mayar, shafi ya buɗe tsaf har hotunan buhuna sun fi saurin fitowa. Kwana shida ba saƙo ko ɗaya a akwatin imel, ni kuma ina cewa rezo ne ko kasuwa ce ta yi sanyi, sai da wani mai saye ya kira Alhaji ta waya yana faɗa wai saƙonsa har uku ya dawo masa. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, don cinikin ya riga ya tafi hannun wani.

Abin da ya faru sai daga baya na gane shi, da wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya zaunar da ni ya buɗe mani cPanel, wato wurin da ake shiga a sarrafa saitin shafi a kamfanin ajiyar, muka duba tare. Kun san ɗan kamasho a tasha, ka zo ka ce Zinder ya nuna maka mota, ka ce Kano ta Dan Issa da Jibiya ya nuna maka wata. To kowane domen yana da irin wannan ɗan kamashon, ana ce masa DNS, a 1983 aka ƙirƙiro shi, da shi intanet ke aiki. A hannunsa akwai ƴar takarda mai layi-layi. Layin da ake kira A shi ke riƙe da lambar IP, wato adireshin kwamfutar da shafin yake zaune. Layin CNAME shi ke cewa www da sunan shafin abu ɗaya ne. Layin MX kuma, wanda shi ne ya kashe mu, shi ke cewa duk wasiƙar da ta zo da wannan suna ga inda za a kai ta. Yaron da ya tashi mayar da mu sai ya canza nemsaba gaba ɗaya, ma'ana ya sallami tsohon ɗan kamasho ya kawo sabo bai kwafo masa takardar ba. Sabon kuma da nashi layukan ya zo, MX ɗinsa yana nuna sabar kamfanin ajiyar, wato babbar kwamfutarsu, inda ba mu da akwati ko guda. Duk wasiƙar da ta zo sai a ce babu mai wannan suna a nan.

Gyaran bai kai minti goma ba, abin da ya fi ƙona mani rai ke nan. An shiga Zone Editor a cikin cPanel, inda layukan nan suke, in naka da Faransanci yake za ka ga Éditeur de zone, aka goge MX ɗin da ke ciki aka sa na Google, sannan aka je wurin Email Routing aka mayar da shi Remote, don in ka bar shi Local sabar za ta ci gaba da ɗauka ita ce mai karɓar wasiƙa, duk saƙon da aka cike a fom ɗin shafin a nan zai maƙale. Daga nan sai jira. Kowane layi yana da wata lamba TTL, a namu 14400 ce, daƙiƙa ce ake nufi, awa 4 ke nan da sauran kwamfutocin duniya za su iya riƙe tsohon bayani kafin su sake tambaya. Ɗalibin ya ce mai hankali tun jajibirin ƙaura yake rage ta zuwa 300, in an yi kuskure cikin minti biyar an gyara. Kuma a lokacin jiran nan ne mutane ke ɓata abu, sun ga bai yi ba nan take sai su sake taɓawa, su sake, har su manta yadda yake tun farko.

Da imel ya dawo sai wata ta taso, saƙonmu yana faɗawa sifam, wato akwatin saƙonnin banza, a wurin mutane. Ashe akwai layukan TXT, su SPF da DKIM, da ke shaida cewa wasiƙar daga gare mu take ba ɗan damfara ya ari sunanmu ba, su ma an baro su a tsohon gida. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta kan wannan. SPF ɗin da v=spf1 yake farawa kuma guda ɗaya tak ake so a domen, in ka sa biyu duka sun lalace.

Amma Malam Edita ba ma wannan ne ya sa na rubuto ba. Da muka bincika sai muka tarar domen ɗin kansa da sunan yaron yake, da imel ɗinsa, da katin Visa na wani abokinsa aka biya, mu ko kalmar sirri ba mu da ita. Ban ce yaron macuci ba ne, ko kaɗan, shi ma haka ya koya, kuma mu ne ba mu tambaya ba. Sai dai rai na Allah ne, kuma matasanmu yau suna nan gobe suna Yamai ko Agadez ko Aljeriya. Domen haya ce ta shekara-shekara, in wa'adi ya cika ba a biya ba shafi da imel duk su ɗauke, in aka yi sake kwanakin sassauci suka wuce sai an biya tara mai tsada, daga ƙarshe a sake shi kasuwa kowa ya iya saye. Alhajin da ba zai taɓa bari a rubuta takardar filinsa da sunan magini ba, ga shi sunan da ke jikin buhunansa da katinsa da motarsa yana hannun wani bai ma sani ba. Makarantu masu zaman kansu, ƙungiyoyin mata, kilinik-kilinik, ku je ku tambaya yau, da yawa haka za ku tarar, ko .com ne ko namu na Nijar .ne.

Ku kuma ƙannena masu wannan sana'a, ina alfahari da ku wallahi, amma don Allah kafin ku taɓa nemsaba ku ɗauki hoton layukan nan duka da waya, ku tambayi mai shafi a ina imel ɗinsa yake, kuma kar ku yi ƙaura ranar Juma'a da yamma ko tsakiyar kakar ciniki. In kun gama ku aika saƙo daga wani akwati na daban ku ga ya iso kafin ku karɓi kuɗin aiki.

Mu dai yanzu an mayar da domen da sunan kamfani, na sami littafi na rubuta kowane layi da hannu, da ranar sabunta haya, da kalmar sirri, yana cikin akwatin ƙarfe na Alhaji tare da takardun fili. Roƙona gare ku shi ne ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata a riƙa bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa, don abin da ke akwai duk da Faransanci ne ko Ingilishi, masu dukiyar kuma da Hausa suke ciniki.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku daga unguwar Zariya, Maraɗi