Yadda Yahudawa da Al'ummai Suka Kai Ga Cin Abinci a Kwano Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara basira a kan aikin da kuke yi.

Bayan gaisuwa, mu malamai ne masu koyar da Littafi Mai Tsarki, kuma mun rubuto ne a kan yadda ake koyar da haɗin kan Yahudawa da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a cikin ikkilisiyar farko. Sau da yawa mai wa'azi zai karanta Afisawa sura 2, inda aka ce Almasihu ya rushe katangar da ta raba su, a ce amin, a wuce. Mai sauraro sai ya ɗauka an kwana da gaba ne aka wayi gari da zumunci. Alhali sai da aka kwashe shekaru ana kai ruwa rana a kan kaciya, da nama, da ranar hutu, da kuɗi. Matakan da manzanni suka bi suna nan a rubuce dalla-dalla, kuma su ne muke roƙon a riƙa kawo wa masu karatu.

Rabuwar da ake magana a kai abu ne da ido ke gani. A Haikalin Urushalima akwai shingen dutse mai tsayin kamu uku, kamar yadda Yusufus masanin tarihin Yahudawa ya bayyana, wanda ya raba farfajiyar da kowa ke shiga da ta ciki. A jikinsa akwai alluna da ke gargaɗin cewa duk baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa na wuyansa. An tono ɗaya daga cikin allunan a 1871, yana gidan adana kayan tarihi a Santambul. Saura ƙiris a kashe Bulus a kan wannan shinge, don kawai an yi zaton ya shigar da Tarofimas, Ba'al'umme mutumin Afisa, ciki.

Sai a lura da abin da aka tuhumi Bitrus da shi bayan ya dawo daga gidan Karniliyas, wani hafsan sojan Roma, a Kaisariya. 'Yan'uwa a Urushalima ba su ce masa don me ka yi wa baƙo wa'azi ba. Cewa suka yi ka shiga gidan marasa kaciya, har ka ci abinci da su. Abin da ya taimake shi shi ne ya tafi da 'yan'uwa shida a matsayin shaidu, ya kuma ba da labarin bi da bi tun daga farko. Duk da haka, wannan Bitrus ɗin ne ya janye jiki daga cin abinci da Al'ummai a Antakiya sa'ad da wasu suka zo daga wurin Yakubu, jagoran ikkilisiyar Urushalima, har Barnaba ma ya bi sahunsa. Wani zai ce abinci ne kawai, me ya yi zafi har Bulus ya tsawata masa a bainar jama'a? Amsar ita ce a zamanin babu ginin coci. A gidaje ake taruwa, kuma a cikin cin abinci na sosai ake yin Jibin Ubangiji. In Bayahude ya ja kwanonsa gefe, to jibin ya rabu biyu, ikkilisiyar ma ta rabu.

Taron Urushalima, wanda manzanni da dattawan ikkilisiya suka yi wajen shekara ta 49 miladiyya, ya yi nasara ne domin ya raba tambayoyi biyu da mutane ke cakuɗawa. Ta farko ita ce ta ceto: shin sai Ba'al'umme ya yi kaciya ya ɗauki Shari'ar Musa kafin ya tsira? A nan ba a yi sassauci ko na ƙwayar zarra ba, an ce a'a, da alherin Ubangiji Yesu kowa ke tsira. Ta biyu ita ce ta zaman tare, kuma a nan aka roƙi Al'ummai su guji abu huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Uku daga ciki sun shafi tukunya kai tsaye. Nama mai yawa da ake sayarwa a kasuwannin biranen Helenawa daga bagadin gumaka yake fitowa, dabbar da aka maƙure kuwa jininta na nan a cikin naman, abin da Bayahude ba zai kai bakinsa ba. Malamai da dama suna ganin an ɗauko huɗun ne daga Littafin Firistoci sura 17 da 18, inda dokokin suka hau kan Ba'isra'ile da baƙon da ke zaune a cikinsu baki ɗaya.

Yadda aka isar da hukuncin ma abin koyi ne. An rubuta wasiƙa zuwa Antakiya da Suriya da Kilikiya, aka faɗa a cikinta ƙarara cewa waɗanda suka ta da hankalin jama'a ba da izinin manzanni suka je ba. Sannan aka haɗa Bulus da Barnaba da mutum biyu daga Urushalima, Yahuza Barsaba da Sila, domin su maimaita maganar da baki. Da Bulus kaɗai ya koma da takarda, da an ce ai ra'ayinsa ne ya rubuto.

Akwai abin da taron bai faɗa ba, kuma a nan masu wa'azi da yawa ke tuntuɓe. Bai ce wa Bayahude mai bi ya daina kiyaye Asabar ko ya daina yi wa ɗansa kaciya ba. Bulus ya ƙi a yi wa Titus kaciya domin Bahelene ne, kuma ana so a mai da ita sharaɗi. Shi ɗin kuma ya yi wa Timoti, wanda uwarsa Bayahudiya ce, domin ƙofar majami'u ta buɗe masa. Ƙa'idar da ya ba Korintiyawa ita ce kowa ya zauna yadda kira ya same shi, mai kaciya kada ya nemi ɓoye ta, marar kaciya kada ya neme ta. Shekaru bayan taron, Yakubu na faɗa wa Bulus cewa dubban Yahudawa sun ba da gaskiya kuma dukansu masu himma ne ga Shari'a, babu wanda ya ce sun fita daga hanya.

Inda maganar ta fi armashi shi ne Roma, domin a can ne rinjaye ya sauya hannu. Wajen shekara ta 49 Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin, abin da ya kai Akila da matarsa Bilkisu Korinti ke nan. Kalaudiyas ya mutu a 54, Yahudawa suka fara komowa, suka tarar da tarurrukan da suka bari sun koma hannun Al'ummai. Masu gida sun zama baƙi. Wajen 57 Bulus ya rubuto musu daga Korinti, kuma sura 14 ta nuna abin da ke faruwa in an zauna cin abinci. Ga wani yana cin komai, ga wani ya tsaya a ganye kaɗai domin bai amince da yadda aka yanka naman ba. Wani na girmama wata rana, wani duk ranaku ɗaya ne a wurinsa. Har batun ruwan inabi ya shigo. Ba lalle ne rabuwar ta bi ƙabila sak ba, tunda Bulus kansa Bayahude ne amma ya lissafa kansa cikin masu cin komai.

Ya gano cewa kowane ɓangare na da cutarsa dabam. Mai ci yana raina marar ci, yana masa kallon wanda bai waye ba. Marar ci kuma yana yanke wa mai ci hukunci, yana masa kallon marar tsoron Allah. Don haka maganin kowa dabam ne: wancan ya bar raini, wannan ya bar hukunci. Bulus bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya ce ya tabbata babu abincin da yake haram a kan kansa. Amma bai ce a zaunar da marar ci a yi ta masa gardama har ya sallama ba, ya ma hana a karɓe shi da niyyar jayayya. Dalilin kuwa shi ne wanda ya ci abu yana shakka, ya saɓa wa lamirinsa, kuma wanda ya matsa masa ya ci yana da hannu a faɗuwarsa. Nauyin haƙuri ya ɗora shi ne a kan mai 'yanci, domin shi in ya bar nama ba abin da ya rasa sai daɗin baki, wancan kuwa in ya ci, zuciyarsa ce za ta ɓaci. A ganinmu wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace wuyar aikatawa, domin kullum mai rinjaye ji yake shi ya kamata a bi.

Misalin itacen zaitun a Romawa sura 11 ma ga Al'ummai aka nufa. Duk mai lambu ya san yadda ake aurar da mangwaro: reshen mai kyau ake ɗaurawa a kan gindin na gargajiya. Bulus ya juya abin da gangan, ya ce reshen zaitun na jeji aka ɗaura a kan gindin na gida, kuma shi da kansa ya ce hakan ya saɓa wa yadda aka saba. Saiwa ce ke ɗauke da reshe. Ya kuma ce Allah bai yar da jama'arsa ba, yana da iko ya mai da rassan da aka sare.

Sai kuɗi. Bulus ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima, kuma ya tsara ta da kyau. Kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta kowane mako gwargwadon samunsa, kada a jira sai ya iso a fara faɗi-tashi. Ikkilisiyoyi su zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi. Ayyukan Manzanni sura 20 ta ambaci mutum bakwai da suka yi wannan tafiya da shi, daga Biriya, da Tasalonika, da Darba, da Asiya. Bulus ya kira gudummawar bashi, tunda Al'ummai sun ci moriyar albarkar ruhaniya ta Yahudawa. Duk da haka ya roƙi Romawa su yi addu'a a karɓe ta, domin karɓar kuɗin marasa kaciya amincewa ce da su a matsayin 'yan'uwa, kuma bai da tabbacin za a yi.

Abin baƙin ciki, wannan tsari bai daɗe ba. An rushe Haikali a shekara ta 70. Bayan tawayen Yahudawa da ya ƙare a 135, Sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga Urushalima, kuma Yusebiyas mai tarihin ikkilisiya ya ce bishop goma sha biyar na farko a birnin duk Yahudawa ne, daga nan sai Al'ummai. A tsakiyar ƙarni na biyu Jastin Shahidi, wani marubucin Kirista, yana cewa shi yana karɓar Bayahude mai bi da ke kiyaye Shari'a muddin bai tilasta wa wasu ba, amma ya yarda akwai Kiristocin da ko magana ba sa yi da irinsu. A farkon ƙarni na huɗu taron shugabannin ikkilisiya na Elbira a ƙasar Sifen ya hana Kirista cin abinci da Bayahude. A 787 taron Nikiya na biyu ya ce ba za a karɓi Bayahude ba sai ya bar Asabar da al'adunsa. Kenan an kifar da hukuncin Urushalima: dā ana tambaya ko Ba'al'umme zai shiga ba tare da ya zama Bayahude ba, yanzu an hana Bayahude shiga sai ya daina zama Bayahude. A Jamus a 1933 har aka kafa doka a wata babbar ikkilisiya ta hana masu asalin Yahudawa aikin fasto, abin da fastoci Dietrich Bonhoeffer da Martin Niemöller suka tashi tsaye suka ƙi.

Wannan ya shafe mu, domin ikkilisiyoyin da ake sujada da Hausa a Arewa da Nijar sun tara ƙabilu masu yawa. Akwai wanda ya tashi a gidan da ba a cin nama sai yankakke, bai taɓa kusantar naman alade ba, ga kuma wanda a garinsu abinci ne na yau da kullum. In za a yi liyafa ko taron ƙungiya, a sayo nama wurin mahaucin da kowa ya amince da shi. In dole sai an yi tukunya biyu, kowace da ludayinta, masu rabo su faɗi abin da ke ciki tun kafin a tambaya, amma a zauna wuri ɗaya. Kada a taɓa gwada bangaskiyar sabon mai bi da abin da ransa ke ƙyama, kada shi ma a bar shi yana kiran ɗan'uwansa marar tsarki. Kwamitin da ke riƙe da kuɗin taimako kuwa a sa 'yan tsirarun a ciki, kamar yadda aka yi a Urushalima sa'ad da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi ƙorafin ana tsallake matansu da mazajensu suka mutu a rabo, aka zaɓi mutum bakwai da dukansu sunayen Helenanci gare su.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne a ba Romawa sura 14 da 15 fili na musamman, kuma a karanta su a jere har aya ta 13 ta sura 15. Rabon surori da aka yi a ƙarni na goma sha uku ya yanke maganar a tsakiya, don haka wanda ya tsaya a ƙarshen sura 14 ba zai kai inda Bulus ya ambaci Yahudawa da Al'ummai da suna, ya ce su karɓi juna ba.

Naku cikin Ubangiji,
Wasu malaman Littafi Mai Tsarki