Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni kan alƙali da kujerar Uban Jami'a

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron ɗalibai da aka yi nan Birnin Kebbi ka miƙe ka tambaye ni: tunda na ce tsohon alƙali ya dace da kujerar Uban Jami'a, wato shugaban girmamawa na jami'a, wane alƙali ne ya taɓa hawa, kuma me ya tsinana? Lokaci ya ƙure mana ranar, ga amsarka.

Sunansa Adetokunbo Ademola, ɗan Sarkin Egba na Abeokuta. An haife shi a 1906, ya karanta shari'a a Ingila, ya fara zaman kotu a matsayin majistare. A 1958 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Babban Jojin Najeriya, yana kai har 1972. Ya kuma riƙe kujerar Uban Jami'ar Benin. Ya rasu a 1993.

Ba jerin muƙamai ya sa nake ganin girmansa ba, shari'ar Lakanmi ce ta 1970. Gwamnatin soja ta ƙwace dukiyar wani mutum mai suna Lakanmi, sannan ta kafa dokar da ta toshe masa ƙofar kotu. Ƙasa ba ta jima da fita yaƙin basasa ba, bindiga na hannun soja, kowa na taka tsantsan. Amma Kotun Ƙoli, Ademola na jagorantarta, ta ce a'a: yanke wa mutum hukunci aikin kotu ne, ba na mai rubuta doka ba. Gwamnatin Gowon ta mayar da martani da Doka ta 28, ta soke hukuncin. Ƙarfi ya rinjaya, sai dai maganar ta riga ta shiga littafi, har yau ɗaliban lauya na karanta ta.

Kada in ɓoye maka, ƙidayar jama'a ta 1973 da ya shugabanci hukumarta ta jawo ce-ce-ku-ce, gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975.

Gaskiyarka ne, Uban Jami'a ba ya shiga aji, ba ya biyan albashi. Ranar yaye ɗalibai ake ganinsa cikin doguwar riga da hula, yana miƙa digiri. Sarakunanmu da ake naɗawa ma suna riƙe kujerar da mutunci. Amma ranar da wani babba ya zo neman digirin girmamawa da kuɗinsa, ni na fi son ya tarar da mutumin da ya taɓa ce wa soja a'a.

Ka nemi hukuncin Lakanmi a ɗakin karatu, ka karanta da kanka, sai ka zo gida mu tattauna. A gai da su Baba.

Malaminka,
daga Birnin Kebbi