Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana kamar kullum, ban da na watan azumi.

Masu tambaya a WhatsApp ina aka kwana kan na'urar gano sukarin zuma, ga amsa. Shirin shi ne a shafa wa tantani sinadarin boronik asid, wanda ya fi kama sukarin furuktos a kan sukarin gulukos, a ga ko zai tona asirin zumar da aka yi wa algus. Sinadarin daga waje ake odarsa, da dala, kuɗin watan da ya shigo kuwa ko rabin kuɗin bai kai ba. Enzayim ɗin gulukos oksides (sinadari mai sarrafa gulukos) da ya rage mana ma ya lalace a zafin Afrilu, domin sai a firij yake zama, janareta kuma ba ya shan alkawari. Ba sakacin kwamiti ba ne. Wasu da muryarsu ta fi ta kowa a zaure, ma'aji ya manta kalar kuɗinsu.

Abin da ya wanke mu shi ne baje kolin Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, 14 ga Nuwamba, da ɗan enzayim da wani malaminmu ya sammana, Allah ya saka masa. Mun nuna wa ɗaliban sakandare dabarar da Leland Clark da Champ Lyons suka fito da ita a 1962, ta killace enzayim a bayan tantani a bakin ilektirod, wato kan na'urar da ake tsomawa a ruwan gwaji. Enzayim ɗin na sarrafa gulukos ya fitar da haidurojin feroksaid, namu ilektirod ɗin shi yake aunawa. Muka tsoma ilektirod ɗin tsirara a ruwan lemun tsami, lamba ta yi sama, saboda bitamin C ma yana ba da wutar lantarki a kan ilektirod. Da aka ɗiga masa Nafion, wani sinadarin roba, ya bushe ya zama tantani, tantanin ya kori bitamin ɗin, lamba ta sauko. Ruwan rake ne ya fi ba yara mamaki: ga zaƙi kamar me, amma na'urar da ƙyar ta motsa, domin yawancin sukarinsa sukuros ne, enzayim ɗin bai san da shi ba. Wata yarinya ta dage sai an sake a gabanta, aka sake. Har aka kira azahar ba su watse ba.

Waɗanda suka ɗauki tebura da kwalabe ranar sun san kansu, su ne dai na bara.

Wanda ake bin sa bashi ya ga ma'aji kafin taron Janairu. Ba za a yi odar sinadari ba sai kuɗi sun cika.