Rahoton Ayyukan Zumuntar Mata na Shekarar 2024, Katsina

Mama Shugaba, Maman Fasto, iyayenmu dattawa da 'yan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wannan shi ne rahoton da na karanta a taron rufe shekara, na kuma sa shi a zaurenmu na WhatsApp saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, duk mai son gani ta same ta bayan sujada.

Ba sai na gaya muku yadda shekarar ta kasance ba, tukunyar kowa ta gaya mata. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kaya suke ta hawa, har a watan Oktoban bana litar fetur ta haura naira 1,000. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yuli, to amma mu nawa ne ke aikin gwamnati? Yawancinmu masu tuyar ƙosai ne da awara, da teloli, da masu koyarwa a makarantun kuɗi. Kuɗin Keke Napep kaɗai ya rage mana jama'a a taron mako. Don haka muka raba addu'a unguwa-unguwa a gidajen juna, mu haɗu gaba ɗaya a majami'a sau ɗaya a wata. Da farko ni kaina ban so ba, na ɗauka zumunta za ta watse. Ashe a tsakar gida ake ganin abin da zanen Lahadi yake rufewa. A irin wannan zagayen ne muka tarar da gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, alhali matar gidan tana cikin masu ba da waƙa, ko a fuska ba ta taɓa nunawa ba.

Daga nan aka fara abin da muke kira tafin Zarefat. Maman Fasto ce ta kawo shawarar bayan mun yi nazarin 1 Sarakuna 17, labarin gwauruwar nan ta birnin Zarefat wadda abin da ya rage mata ɗan gari ne tafi guda da ɗan mai, ta kuma fara toya wa Iliya. Duk macen da za ta auna hatsin girki, ta ɗebi tafi ɗaya ta zuba a gwangwani, ƙarshen wata ta kawo. Gero, dawa, masara, wake, ba a zaɓe. Ba zan manta da wata Baba daga cikin gwaurayenmu ba, wadda sunanta ma yana cikin waɗanda za a bai wa. Ta zo da gwangwanin madara cike da gero, ta rufe bakinsa da leda ta ɗaure da tsumma. Na ce, “Baba, ke ai an ɗauke miki.” Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “'Yar nan, wa ya ce miki ni ba gwauruwar Zarefat ba ce?” Na karɓa na juye, bakina a rufe.

Saboda hatsin nan ne kwamiti ya soke sabon anko na Makon Zumunta, muka fita da tsohon zanenmu. Na san har yau akwai waɗanda abin bai yi wa daɗi ba, har aka ce mun zubar da girman ikilisiya a gaban baƙi. Kuɗin da za a kai wa mai atamfa shi ya sayi manja da gishiri da sabulu aka haɗa da hatsin. Tulu da kacau-kacau kuwa ba su san zane sabo ne ko tsoho ba, sun yi amo kamar kullum.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta wa za a bai wa. Kowa ya san matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya, suna fakewa a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba, kuma yawancinsu Musulmi ne. Wasu suka ce namu ma bai ishe mu ba, suka kawo Galatiyawa 6:10, inda aka ce a fi kula da 'yan'uwa masu bi. Mama Shugaba ta ce a karanto ayar daga farko, sai ga shi ta fara da cewa a yi wa kowa alheri. Muka tsaya a kan kashi biyu na gwauraye da marayun ikilisiya, kashi ɗaya na maƙwabta, ba tare da an tambayi mace addininta ko an ɗauke ta hoto ba. A wajen rabon ne wata malamar asibiti daga cikinmu ta lura da yaro a goye, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Ta ce tamowa ce. Ita ta raka uwar zuwa cibiyar da ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da irin waɗannan yara a Ƙofar Sauri. Bayan haka ta koya mana garin kunun yara: a soya gero da waken suya da gyaɗa, kowanne daban, a cire ɓawo, a niƙa tare. Yanzu da yawa cikinmu shi muke dama wa jikoki.

Sai maganar rancen jari, wadda ba ta da daɗin faɗa. Asusun ya kusa tsayawa. Ɗaukewar wutar da ta jefa Arewa cikin duhu kwana da kwanaki a ƙarshen Oktoba ta karya masu zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, wasu har zubar da kaya suka yi. Waɗannan kwamiti ya ƙara musu lokaci, babu riba, babu gori. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai waɗanda Allah ya buɗa wa, muna ganin sabon leshi, in aka yi maganar biya sai a ce ai kuɗin Ubangiji ne. Gaskiya ne, na Ubangiji ne, shi ya sa Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya da sunan da ba na so in maimaita a nan. Akwai 'yar'uwar da ke jiran wannan kuɗin don ta gyara keken ɗinkinta tun damina.

Mun kai ziyara gidan gyaran hali kafin Ista da sabulu da omo da abinci. Mun je Babbar Ruga, tsohon asibitin kuturta da Turawan mishan na SIM suka yi wa hidima, muka gaida marasa lafiya. Ziyarar da muka shirya kai wa 'yan'uwanmu na ƙauyukan Malumfashi da Kafur ba ta yiwu ba, dattawa sun ce hanya ba ta yi kyau ba, sai aika musu da saƙo muka yi ta hannun masu bishara. Taron da muka yi alkawari a kan shaye-shayen ƙwayoyi tsakanin 'ya'yanmu shi ma ba a yi ba. Wannan laifinmu ne mu kwamiti, mun yi ta ɗagawa don kowa yana jin nauyin a ce ɗansa ake nufi. An sa shi a farkon ayyukan baɗi, tare da shugabannin matasa.

Muna yi wa iyalan da suka yi rashi ta'aziyya, Ubangiji ya ƙarfafa ku. Waɗanda suka haihu, barka, Allah ya raya.

Za a koma taro a mako na biyu na Janairu. Kowa ta zo da gwangwaninta na Disamba, masu bashi kuma su ga Ma'aji kafin ranar. Muna cigiyar buhunan da babu kowa a ciki da kuma durom mai murfi, don ɓera ya fara yi mana ɓarna a ɗakin ajiya.

Taku cikin hidimar Ubangiji,
Magatakardar Zumunta