Takardar Koke: A Buɗe Makarantar Jeka-ka-dawo Domin Yaran da Aka Ce Sun Gagari Aji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Sakataren Ilimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna addu'ar Allah ya taya ka riƙo. Mu da muka sa hannu a ƙarshen takardar nan iyaye ne da kakanni da masu riƙon marayu, tare da wasu malaman firamare da ma'aikatan lafiya da suka yarda su tsaya mana. Abin da ya tara mu guda ne: kowannenmu yana da yaro, a gidansa ko a ajinsa, wanda makaranta ta ce ya fi ƙarfinta. Roƙonmu shi ne hukumarka ta buɗe wa irin waɗannan yara ƙaramar makaranta ta musamman, ta jeka-ka-dawo, inda za su yi karatu da rana su kwana a gaban iyayensu.

Makaho ko kurma, da ganinsa an san yana buƙatar koyarwa ta daban, ba mai gardama. Namu yaran kuwa da ƙafarsu suke zuwa, idonsu garau, bakinsu ras, wasunsu ma sun fi sa'o'insu kaifin ƙwaƙwalwa. Larurarsu a zuciya take da ɗabi'a. Wani ba ya iya zama wuri ɗaya minti biyar. Wani abu kaɗan zai harzuƙa shi, ya yi jifa da duk abin da hannunsa ya kai. Wata tsoro ne ya cika ta har ba ta iya buɗe baki. Sunayen da ake kiransu da su ka san su: kangararre, fitinanne, mai kunnen ƙashi, wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Wannan na ƙarshen mu iyaye ake nufi, kuma muna ji.

Bari mu kawo maka labarin ɗan ɗayanmu, yaro mai shekara 9. Makaranta biyu suka sallame shi kafin ya shiga ta uku. Ko'ina ƙarar iri ɗaya ce: ana tsakiyar darasi sai ya fara girgiza benci, ya mintsini na kusa da shi, ya watsar da jakar wani, sai malami ya ce fita. A zane shi a makaranta, ya dawo gida uban ya ƙara masa. A makaranta ta ukun ne wata malama, wadda tana cikin masu sa hannu a nan, ta ware shafi a bayan littafinta, ta riƙa rubuta lokacin da ya tayar da fitina, da abin da ake yi kafin ya tayar, da abin da ya biyo baya. Mako biyu tana wannan. Da ta zauna ta duba, sai ta ga ba ya yi a lokacin lissafi, ba ya yi a lokacin zane. Sai an fara karatu a bayyane, ana bin layi ɗaya bayan ɗaya, ya rage mutum biyu ko uku a zo kansa. Ashe yaron bai iya haɗa baƙi ba. Ya gwammace a ce masa fitinanne da a yi masa dariya a ce daƙiƙi. Korar da ake yi masa waje, wadda kowa ya ɗauka horo ce, ita ce ainihin abin da yake nema, kuma shekara uku ana ba shi ita kullum. Uban da ya ji wannan bayani bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallon hannunsa.

Abin da malamar nan ta yi da basirarta, shi ne tushen aikin masana a wannan fanni: a gano abin da ke gabatar halin, da abin da yaron ke samu ko yake guje wa ta hanyarsa, sannan a koya masa wata hanyar da za ta biya masa buƙatar ba tare da ɓarna ba. Amma wannan aiki ne na mai lokaci. Malamin da ke fama da aji maƙil, mutum ɗaya tilo, ina zai samu sukunin bin yaro guda da alƙalami? Shi ya sa ba mu zo ƙarar malamai ba. Wanda aka taɓa jifa da kujera ya san abin da ya gani, sauran yaran ajin ma suna da haƙƙin su yi karatu cikin natsuwa.

Akwai kuma waɗanda ba a kawo ƙararsu, su ne ma suka fi ba mu tsoro. Jikar wata daga cikinmu, tun rasuwar mahaifiyarta ta daina magana a aji. Kowace safiya ciwon ciki, a je asibiti a ce ba a ga komai ba. Tana zama can baya, ba ta damun kowa, don haka ba wanda ya damu da ita. Ranar da ta daina zuwa gaba ɗaya, ba a aiko an tambaya ba.

Ranka ya daɗe, korar irin yaran nan ba da takarda ake yinta ba. Shugaban makaranta zai kira uba gefe, cikin ladabi, ya ce, "Baba, a bar shi a gida ya ɗan huta kwana biyu." Kwana biyun nan sai ya zama zango, zango ya zama shekara. Sunan yaro yana nan a rajista, don haka a lissafin ofishinka ɗalibi ne. Shi kuwa yana bakin titi, inda masu koyar da abin da ba ma so ba sa korar kowa.

Kada a ɗauka 'yan tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin matasa 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai yana fama da wata larura ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Larurar rashin natsuwa da gaza tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD, ita kaɗai tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya. Yawancinsu za su iya zama a ajinsu in an ɗan tallafa wa malaminsu, kuma haka muka fi so. Kokenmu a kan ragowar ne, waɗanda abin ya yi wa tsanani har zama a babban aji ya gagara a yanzu.

Mun nace a kan jeka-ka-dawo don mun ga abin da nisa ke yi. In abin ya ishi iyaye, shawarar da ake ba su ita ce a kai yaro wani wuri a kulle shi har ya gyaru. Wasunmu sun gwada. Yaron kan dawo shiru, a yi ta murna, bayan wata biyu a koma gidan jiya, wani lokacin ma abin ya fi na da, ga tsoro da ƙullaci sun ƙaru. Dalili a fili yake: halin yaro a tsakanin gida da makaranta da abokai yake tsirowa, in an ɗauke shi an bar sauran yadda suke, abin da ya bari shi zai tarar. A makarantar jeka-ka-dawo, abin da aka koya masa da safe zai gwada shi a kan ƙannensa da yamma, in ya ci tura uwarsa ta faɗa wa malami washegari. Mu ma iyaye muna buƙatar a koya mana, ba ma jin kunyar faɗa. Da yawanmu duka kaɗai muka sani, mun kuma ga iyakarsa.

Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. A unguwar Hackney ta birnin Landan, wajen 1970, wata masaniyar halayyar yara mai suna Marjorie Boxall ta fara tara irin waɗannan yara rukuni-rukuni, goma zuwa sha biyu, da manya biyu a kansu, a ɗaki mai kama da gida, komai da lokacinsa ba ya sauyawa. Ba a yanke su daga ajinsu na asali ba, kuma yawanci bayan zango biyu zuwa huɗu ake mayar da su. Har yau ana bin tsarin a makarantun Birtaniya. A Amurka kuma, a 1971, an kai hukumar ilimin birnin Washington kotu a madadin yara bakwai da aka hana makaranta, cikinsu har da waɗanda aka kora saboda ɗabi'a. Hukumar ta ce ba ta da kuɗi. A 1972 Alƙali Joseph Waddy ya yanke cewa in kuɗi sun yi kaɗan, sai a raba abin da ke akwai bisa adalci, yadda ba yaron da za a bari a waje ɗungurungum. Bayan shekara uku, a 1975, ƙasar ta yi dokar da ta wajabta a rubuta wa kowane yaro mai buƙata ta musamman tsarin karatunsa na kansa. Mun kawo maganar alƙalin ne don mun san amsar farko da za a ba mu ita ce babu kuɗi, kuma ba mu ce ƙarya ba ne.

Akwai wata magana da sai da muka yi ta ja-in-ja a kanta tsakaninmu kafin mu rubuto, gara ka ji ta daga bakinmu. Sanarwar Salamanca ta 1994, wadda gwamnatoci 92 suka amince da ita a ƙasar Sifen, da sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, duk sun karkata ne ga a koyar da yara tare a makaranta ɗaya, ba a ware wasu ba. Wani malami a cikinmu ya ce in aka buɗe makarantar nan, juji za ta zama, duk shugaban makarantar da yaro ya ɓata wa rai sai ya tura shi can ya huta. Ya kuma ce tara masu fitina wuri ɗaya na iya sa su koya wa juna. Gaskiya ya faɗa, duka biyun suna faruwa. Abin da ya rinjaye mu shi ne yaran da muke magana a kansu an riga an ware su, a gida da titi, ba malami ba littafi.

Don haka muna roƙon a ɗaure makarantar da sharuɗɗa tun daga tushe. Kada shugaban makaranta shi kaɗai ya iya tura yaro. A zauna da shi da malamin ajin da ma'aikacin lafiya da iyaye, a nuna a rubuce abin da aka gwada a ajin bai yi ba, iyaye kuma su yarda. Sunan yaro ya ci gaba da zama a rajistar makarantarsa ta asali, kujerarsa na jiransa. Kowane ƙarshen zango a sake zama a duba, in ya samu sauƙi a fara mayar da shi sannu a hankali, darasi ɗaya, sai rabin yini, sai yini cur. Aji kada ya wuce yara goma, da manya biyu. A koyar da karatu da lissafi na gaske bisa manhajar da kowa ke bi, don yaron da aka kwantar wa hankali amma bai iya karatu ba, ranar da ya koma aji zai sake girgiza benci. Babu bulala, babu ɗauri, babu kulle yaro shi kaɗai a ɗaki. In har ta kama a riƙe yaro don kada ya ji wa kansa ko wani rauni, a rubuta, a sanar da iyaye a ranar.

Ba mu nemi sabon gini ba. Ɗaki biyu ko uku a cikin wata firamare da ke tsaye sun isa a fara, da wani ɗan ɗaki marar makulli inda yaro zai je ya huce. Malamai a zaɓo daga waɗanda hukuma ke biya, masu haƙuri da suka nuna sha'awa da kansu, a tura su horo, kada a mayar da wurin inda ake jefa malamin da ya yi laifi. Likitan ƙwaƙwalwar yara yana da wuyar samu, mun sani, amma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin mhGAP na horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane irin waɗannan larurori, su san wanda za su iya kula da shi da wanda za su tura gaba. Mutum ɗaya mai wannan horo da zai riƙa leƙowa sau ɗaya a mako zai yi amfani ƙwarai. Sai wata 'yar alfarma: allon da za a kafa a ƙofa kada a rubuta masa "kangararru" ko "masu taɓin hankali". Yaran sun iya karanta wannan ko da ba su iya karanta komai ba, abokansu ma haka.

Kafin duk wannan, akwai abin da ba ya cin ko sisi. Muna roƙon ka umarci Sakataren Ilimi ya bi makarantu ya tattaro sunayen yaran da ke rajista amma aka ce su zauna a gida saboda halinsu, ba don a hukunta kowa ba, don a san yawansu. Mu ma za mu kawo na wajenmu a haɗa.

Muna neman ka sa mana rana kafin a koma sabon zango, wakilanmu biyar su zo gabanka. Malamar da muka ambata ta ce za ta zo da littafin nata ka gani da idonka, uban yaron kuma ya yarda a buɗe shafin.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Mu ne naka,
Iyaye, masu riƙo, malamai da ma'aikatan lafiya da sa hannunsu ke biye da wannan takarda.

Kwafi zuwa ga Mai Girma Hakimi, da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma.