Wasiƙa ga ɗana a kan agogon tsayin jirginsu

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu na tafiya daidai. Mu nan kowa lafiya lau. Ummanka ta ce in tambaye ka ko rigar sanyin ta isa.

Na saurari saƙonka na ranar Asabar har sau uku. Ka ce altimita, wato agogon tsayi, ta jirgin nan marar inji da kuke koyo da shi tana nuna ƙarin mita 60 alhali jirgin yana ajiye a ƙasa, kuma wani abokinka ya nuna maka ɗan sukurun da ke kusa da abin murzawa, ya ce da sukundireba cikin minti biyu za ku daidaita ta. Kada ka taɓa sukurun nan. Shekara talatin na yi ina gyaran agogunan jirgi tun da na baro Zariya, don haka ka ba ni aron kunnenka.

Agogon nan ba tsayi yake aunawa ba, nauyin iska yake aunawa. A cikinsa akwai wasu 'yan fayafayan ƙarfe, kamar murfi biyu da aka kifa aka like bakinsu bayan an zuƙe iskar ciki. In jirgi ya hau, iskar waje ta yi sauƙi, sai su kumbura su tura 'yan haƙoran da ke juya allura. An tsara shi a kan cewa nauyin iska a bakin teku miliba 1013.25 ne, zafi kuma digiri 15, amma ba kullum Allah yake kawo rana irin wannan ba. Shi ya sa akwai 'yar tagar lambobi inda ake sa nauyin iskar ranar da abin murzawa, ana kiranta da sunan Paul Kollsman, Bajamushen da ya ƙera altimita mai inganci a Amurka a 1928. Kusa da ƙasa, kowace miliba ɗaya wajen mita 8 ce. Yi lissafin da kanka: mita 60 ɗinka miliba bakwai zuwa takwas ce kawai. In wanda ya tashi jirgin jiya ya bar allura a kan sifili, cikin dare kuma hadari ya matso nauyin iska ya ragu, da safe haka za ka iske ta, kuma lafiyarta ƙalau.

Saboda haka abu na farko, nemi QNH, wato nauyin iskar filinku in an lissafa shi a matakin bakin teku, na wannan sa'ar, ba na safiya ba, ka sa shi a tagar, ka gwada abin da allura ta nuna da tsayin filinku da ke rubuce a taswira. Kafin ka karanta, ɗan ƙwanƙwasa allon da yatsa a gefen agogon, ba a kan gilashin ba. Jirgi mai inji yana girgiza agogunansa da kansa, naku kuwa shiru yake, sai allura ta maƙale saboda gogayyar haƙora. Bambancin da bai wuce mita 20 ba ana yafe shi. Kuma kada ka kafa hujja da GPS na wayarka, musamman a sama. Shi nisa yake lissafawa daga tauraron ɗan'adam, ita kuwa nauyin iska, ba dole bakinsu ya zo ɗaya ba.

In bambancin ya tsaya, to a rubuta shi a littafin jirgin, a gaya wa malaminku, a kira mai lasisin gyara. Dalilina ke nan. Ina ɗan koyo na taɓa murza irin sukurun nan, allura ta zauna daidai, na kai wa maigidana ina murna. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ɗora agogon a kan na'urar gwaji ya ce in zuba ido. A ƙasa daidai yake. Da aka zuƙe iska har ta yi daidai da ta tsayin ƙafa dubu biyar, kuskuren ya dawo ya ninka, da aka sauko kuma allura ta ƙi komawa inda ta taso. Fayafayan ne suka gaji. Abin da na yi gyaran gangar Auzinawa ne: na ɓoye alamar cutar a wuri ɗaya tak da matuƙi zai iya gane ta, na bar masa ita a sama inda ba shi da abin gwadawa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ba na ce sukurun ba shi da amfani ba. In gwaji ya nuna kuskuren iri ɗaya ne daga ƙasa har sama, to lambobin taga ne suka goce daga allura, kuma da shi ake mayar da su. Amma gwajin ne ke fara zuwa, hawa da sauka, mataki-mataki, a rubuta kowanne.

Akwai kuma hanyar da iska ke bi ta shiga agogon. Ka duba 'yan ƙananan hujojin da ke gefen jikin jirgin, da tiyon da ya taso daga can zuwa bayan allo. Ruwa kan kwanta a ciki, tiyo kan tsufa ya tsage, man goge jirgi kan toshe huji. Mu nan zanzaro ne abokin gabarmu, duk ramin da ya gani sai ya cusa laka. Irin wannan matsalar sau da yawa ba ta bayyana a ƙasa, sai an tashi. A Oktoban 1996 wani jirgi ƙirar Boeing 757 na ƙasar Peru ya tashi daga Lima da dare an manta salatif a kan hujojin nan bayan wanki, agogunan suka rikice, ya faɗa teku, mutum 70 suka rasu. Don Allah kada ka busa tiyon da baki don ka ga ko a buɗe yake. Agogon gudu da na hawa da sauka suna kan layin, numfashi ɗaya ya isa ya lalata su.

Sanyin Jamus kuma ka kiyaye shi. Iska mai sanyi takan dunƙule, sai agogo mai cikakkiyar lafiya ya nuna maka ka fi inda kake tsayi. Duk digiri 10 da aka gaza ƙa'ida, kuskuren wajen kashi 4 cikin ɗari ne: ka ga mita dubu sama da filinku, alhali kana ƙasa da haka da mita arba'in. Tunda ka ce za ku je Wasserkuppe, dutsen da ya kai mita 950, wannan lissafin ya zauna maka a ka.

Abin da ya fi damuna shi ne jirginku ba shi da damar fasa sauka ya sake zagayowa. Ranar da iska mai ɗagawa ta ƙare maka ka nufi gonar wani, altimita ba ta san tsayin gonar ba. Roƙi malaminku ya riƙa rufe agogon da takarda a wasu tashin, ka koyi kimanta tsayi da idonka, daga girman bishiya da shanu da yadda filin ke kwance a gefen fiffike. Na san za su yarda, domin yana cikin koyarwarsu.

In an gama gwajin, ɗauki hoton takardar sakamakon ka turo mini, ina son ganin lambobin hawa da na sauka gefe da gefe. Ban gaya wa Ummanka labarin Peru ba, kai ma kada ka gaya mata. Ka riƙe addu'ar hawa abin hawa kafin a ja igiyar da ke ɗaga jirginku sama. Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Naka,
Babanka